Keke ko mota a Kaduna: wa ke biyan kuɗin titi, wa ke cin kwalta, wa ke tayar da hayaƙi?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin fita da dawowa ya canza a kowane gida a Kaduna. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. Masu mota da yawa sun jingine ta sai ranar Juma'a ko ranar biki, wasu kuma sun kakkaɓe tsohon keken da ya daɗe a zaure. Da kekuna suka ƙaru a kan titi sai tsohuwar gardama ta taso. Mai mota na danna oda yana cewa, "Malam, ka sauka mana daga kwalta, ko sisi ba ka biya a kanta ba." Mai keke shi kuma ya ce shi dai bai tura wa kowa hayaƙi a hanci ba.

Ma'aikaci ko malamin makaranta ko ɗan kasuwar da ke tunanin ya ci gaba da zuba wa mota mai, ko ya koma babur, ko ya sayi keken hawa, ya kamata ya san inda gaskiyar wannan gardama take kafin ya taɓa aljihunsa. A fara da kuɗin titi, domin nan ne aka fi tafka kuskure.

Mai mota yana biya, wannan ba a musu. Akwai lasisin tuƙi, akwai lamba, akwai sabunta takardu duk shekara, akwai takardar lafiyar mota, ga kuɗin kwastan da aka ɗora wa motar tun tana tashar jirgin ruwa. Ga inshora mafi ƙaranci da aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Sai dai kuɗin inshora na kamfanin inshora ne, ba ya sayen ko kwano ɗaya na tsakuwa. Kuɗin takardun da hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ke karɓa kuma baitulmali yake shiga, ya gauraya da harajin albashi da na shaguna da na filaye. Daga can ake biyan malaman makaranta, a sayi magani, a yi titi idan an ware masa kaso a kasafi. Babu wani akwati na daban da aka rubuta wa "kuɗin masu mota, na kwalta ne kawai".

An taɓa yunƙurin yin irin wannan akwati. An kafa hukumar gyaran titunan tarayya, FERMA, a 2002, sannan gyaran dokarta na 2007 ya tanadi a riƙa cire kashi 5 cikin ɗari daga kuɗin fetur da dizal domin gyaran hanya, kashi 40 na abin da aka tara ya tafi wa FERMA, 60 ya tafi wa jihohi. Shekaru suka yi ta wucewa tanadin yana kwance a takarda. Da ya sake ɓullowa a sabuwar dokar haraji ta 2025 kowa ya ga irin hayaniyar da aka yi. Shingayen karɓar kuɗin hanya kuma Obasanjo ya rushe su tun farkon 2004, sai a 2025 aka fara dawo da su a hanyar Abuja zuwa Makurdi ta Keffi. A cikin garin Kaduna babu inda mai mota ke tsayawa ya biya kuɗin hawa titi.

To da kuɗin wa aka yi gadar Kawo? Aikin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019, wanda ya kawo sabuwar gadar Kawo da hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Leventis da faɗaɗa tituna da dama, daga asusun jiha ya fito: kason wata-wata na tarayya, harajin cikin gida, da bashi. Jihar ta karɓi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya a wancan zamani, kuma a watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a bainar jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Bashin waje tun daga Abuja ake zare shi kafin kason jiha ya iso. Wato mai sayar da ƙosai a Tudun Wada da ba ta taɓa mallakar ko baro ba tana cikin masu biya, domin abin da aka zare da asibitin unguwarsu zai iya tafiya.

Titunan tarayya ma haka. Tun 2017 gwamnati ke karɓar rancen Sukuk tana yin hanyoyi da shi. Baifas ɗin Nnamdi Azikiwe kamfanin Dangote ne ya ɗauki sake gina shi da kankare a ƙarƙashin tsarin da aka fito da shi a 2019, inda kamfani ke yin titi a cire masa kuɗin daga harajin da zai biya. Ai harajin na al'umma ne tun asali. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano kuwa har da wani kaso na dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020 aka zuba mata. Ƙara da harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan kayan masarufi da yawa da kowa ke saye, har da keken kansa da tayarsa.

Akwai kuma abin da masu mota ba su cika son a tuna musu ba. A shekarar 2022 kaɗai tallafin fetur ya lashe sama da naira tiriliyan 4. Kuɗin kowa ne, amma wanda ya fi shan mai shi ya fi cin moriya. Mai jif biyu a Unguwar Rimi ya kwashi rabon da mai keke a Rigasa bai taɓa gani ba, shekara da shekaru. Idan ana neman wanda ya hau bayan wani, ba mai keke ba ne.

Wani zai ce to a sa wa keke lasin mana, a huta. Doka ba ta hana ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale. A ganina dai abin da za a kashe wajen buga rasit da biyan masu tare hanya zai cinye abin da za a tara, ƙarshenta a samu sabuwar kafar tatsar talaka a bakin kasuwa.

Sai batun wa ke cin kwalta. Injiniyoyin hanya suna da wata ƙa'ida da ta samo asali daga wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji ana auna lalacewarsu. Abin da aka gano shi ne ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, tsalle take yi. Idan nauyin da ke kan jerin ƙafafu ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar takan ninka kusan 16. Idan ya ninka goma, ta ninka 10,000. Ɗauki mutum da kekensa a kilo 100, wato 50 a kan kowace taya. Ɗauki ƙaramar mota a kilo 1,500, wato 750 gaba, 750 baya. Ninki 15 ke nan, kuma bisa wannan ƙa'ida wucewar motar sau ɗaya ta kai wucewar keke sau 50,000. Kada mai keke ya yi saurin murna da mai mota, domin tirelar da ke ɗauke da tan 10 a kan jerin ƙafafu ɗaya ita ma ta ninka ƙaramar motar sau 30,000 da wani abu. Ƙa'idar kimantawa ce, ba awon gwal ba, amma ta nuna inda matsalar take. Ramukan hanyar Kachia da na baifas ba Corolla ta haƙa su ba, balle keke. Tanka da tirela da tifar yashi ne, sai ruwan Agusta da ke kwanciya a kan kwalta saboda an cika lambatu da leda.

Inda ƙaramar mota ke ci wa jama'a kuɗi da gaske shi ne fili. Mutum ɗaya a cikin mota yana tare wurin da kekuna da yawa za su bi, kuma inda ya ajiye ta a bakin Kasuwar Sheikh Gumi zai ɗauki keke takwas zuwa goma. Saboda cunkoson motoci ake rushe shaguna a faɗaɗa titi, a biya diyya, a ɗaga gadar sama. A Kaduna ba a taɓa gina gadar sama saboda kekuna sun yi gosulo ba.

Yanzu hayaƙi. Duk litar fetur da aka ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, dizal kuma kusan 2.7. Ba ruwan wannan da sabuntar mota ko tsufanta. Muddin an ƙona litar, iskar ta fita. Mu ɗauki mai tafiyar kilomita 10 zuwa aiki, 10 dawowa, kwana 22 a wata: kilomita 440. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, wanda ba abin mamaki ba ne ga tokumbo a cikin gari, za ta sha lita 44, ta saki kilo 100 da 'yan kai a wata, wajen tan 1.2 a shekara. Idan aka raba iskar kabon da Najeriya ke fitarwa daga mai da gas da siminti a kan kowane ɗan ƙasa, rabon mutum ɗaya bai wuce rabin tan da ɗoriya ba a shekara. Ke nan zuwa aiki kawai ya sa mai motar nan ya ninka rabon ɗan ƙasa. Babur da lita ɗaya ke kai shi kilomita 40 zai sha lita 11, ya saki kilo 25 a wata.

Shi ma keke ba a ce bai da komai ba. An narka ƙarfe an ƙera shi, an yi dakonsa a jirgin ruwa, mai tuƙa shi kuma yana ƙara loma. Ƙungiyar masu keke ta Turai ta yi wannan lissafi a 2011, ta haɗa ƙira da abinci da komai, ta samu giram 21 a kowace kilomita ga keke, 101 ga fasinjan bas, 271 ga mai mota. Alƙaluman Turai ne, kuma masu keke ne suka fitar, sai a karanta su da wannan a zuciya. Amma ko an rage rabi tazarar tana nan. A 2013 wani ɗan majalisar jihar Washington a Amurka, Ed Orcutt, ya rubuta cewa masu keke ma suna gurɓata iska tunda suna haki suna fitar da kabon, daga baya ya nemi afuwa. Inda ya kauce shi ne, kabon ɗin da ke cikin numfashinka daga tuwon da ka ci ya fito, masarar kuma daga iska ta zuƙe shi a daminar bara, zagaye kawai yake yi. Na fetur kuwa miliyoyin shekaru ya yi a binne kafin a tono shi a ƙara a kan wanda ke sama.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya sayar da motarsa don ya ceci duniya ba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da abin da ya haura na 'yan Najeriya ashirin, ga gas da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta, ga janareto a kowane lungu. Alƙawarin da Buhari ya ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, cewa nan da 2060 kabon da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba, ba a kan feda zai cika ba. Hayaƙin da ya fi damun mutumin Kaduna yau shi ne wanda yake shaƙa da hancinsa: baƙin hayaƙin tsohuwar bas a tashar Kawo, da na motocin da aka cire musu matatar salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, aka sayar. Abin takaici, mai keken da bai tayar da ko ɗaya ba shi ke bin bayan salansar yana haki.

Abin da zai yanke maka hukunci a zahiri shi ne aljihu da nisa da hanyar da za ka bi. Koma kan lissafin nan na kilomita 440. Idan lita tana naira 900, mai mota zai kashe 39,600 a wata a kan fetur kawai, mai babur 9,900. Mafi ƙarancin albashin da jihar Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne, ka ga fetur ya cinye fiye da rabi tun ba a zo ga baƙin mai da taya da bakanike da jami'an kula da hanya na KASTLEA ba. Keke sai faci, sai birki, sai ɗan man sarƙa, sai taya idan ta suɗe. Wanda ya daina ƙona fetur ɗin wata uku ko huɗu ya tara abin da zai kai shi wurin masu sayar da keken gwanjo da ƙarfin gwiwa.

Nisa kuma ba ya son ƙarya. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana yin kilomita 15 a awa ba tare da ya jiƙe ba. Kilomita 5 minti 20 ke nan, kuma da safe lokacin da motoci ke jere a Ali Akilu ko Ahmadu Bello Way, sau da yawa mai keke zai riga mai mota sa hannu a rajistar ofis. Wanda ke Unguwar Sarki ko Badarawa ko Malali ko Unguwar Shanu yana aiki a tsakiyar gari, ko mazaunin Barnawa mai aiki a Kakuri, wannan keke ya yi masa. Minti 40 a rana, kwana biyar, ya wuce minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu a mako, ga masu fama da suga da hawan jini kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga kilomita 10 zuwa sama magana ta fara canzawa. Mai fitowa daga Rigachikun ko Maraban Rido ko Millennium City kullum, a zafin Maris da Afrilu, ga azumi idan ya faɗo a lokacin, zai yi mako biyu ya jingine.

Haɗari shi ne babban abin da ke rage wa keke maki, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Sababbin titunan Kaduna sun yi faɗi sun yi santsi, abin da ya ƙara wa direbobi gudu, ba a kuma ware wa keke layinsa ba. Kogin Kaduna ya raba garin biyu, gadojin kuma ƙalilan ne, saboda haka duk mai tsallakawa sai ya cusa kansa cikin Napep da bas da tirela a wuri ɗaya. Masu dogon tunani za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufurin da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke a 2001, har wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin keke, zauna ka zana hanyarka. Idan za ka iya bi ta cikin unguwa, ka tsallaka babban titi sau ɗaya ko biyu kawai, bismillah. Idan dole sai ka bi baifas tare da manyan motoci, ko za ka riƙa dawowa bayan isha'i, ban ba ka shawara ba, ko da hular kwano da fitila.

Mota kuma tana da ranarta, kada son keke ya rufe mana ido. Mai kai yara huɗu makaranta, mai tsohuwa da ake kaiwa asibiti, mai ɗauko kaya daga Panteka, matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, duk waɗannan ba zancen feda ba ne. Motar da ta ɗauki mutum biyar ma hayaƙinta ya rabu biyar, har rabon kowa ya sauka ƙasa da na fasinjan bas a waɗancan alƙaluma na Turai. Sannan a yawancin unguwanninmu mace babba ba ta hawa keke, ko da tana so, saboda bakin mutane; ita zaɓinta yana tsakanin Napep da bas da motar gida. Akwai kuma girma. Garin da aka harhaɗa Peugeot a Kakuri tun 1975 ya saba auna mutum da motarsa, kuma magidancin da ya ajiye mota ya hau keke sai an tambayi iyalinsa ko lafiya. Kakanninmu da suka ɗauki Raleigh a matsayin abin taƙama za su yi mamakin wannan.

Babur yana tsakiya: ya fi mota sauƙin mai nesa ba kusa ba, ya fi keke nisa da ɗaukar kaya, amma ya fi su duka jefa mutum a sashen ƙashi. Yana da wata matsalar kuma da ta shafi Kaduna musamman. An hana acaba a cikin gari a 2014, sannan a ƙarshen Satumba na 2021 aka hana hawa babur ɗungurungum na wata uku saboda tsaro, har na masu zuwa aiki. A watannin nan ne mutane da yawa suka koma keke ba shiri. Wanda zai zuba jarinsa a babur ya san doka na iya sauka a kansa dare ɗaya.

Ga mai nisa, abin da ya fi dacewa shi ne motar haya, musamman bas-bas 100 masu amfani da gas da aka ƙaddamar a jihar a 2025, idan layinsu ya biyo ta wajenka. Ga mai mota da aikinsa bai wuce kilomita 6 ko 7 ba, ba sai ya sayar ba: ya bar ta don iyali da ranar ruwa da tafiyar dare, ya sayi keke don Litinin zuwa Alhamis. Ko kwana uku a mako ya yi a kan keke, fetur ɗin zuwa aiki ya ragu da fiye da rabi. Wanda kuma bai da ko ɗaya, yana tara kuɗin sayen tsohuwar mota da bashi don kawai ya riƙa zuwa ofis shi kaɗai, gara ya sake lissafi, domin sayen motar ne mai sauƙi a cikin hidimarta.

Idan ka tsaya a kan keke, nemi mai kariyar ɗaukar kaya a baya da madgad saboda taɓon damina, ka gwada birki biyun tun a gaban mai sayarwa, ka sa fitila gaba da baya. Kada ka yi rowar kuɗin kwaɗo da sarƙa mai kauri. Sannan tun kafin ranar farko ka yi magana da maigadin wurin aikinku ya nuna maka inda za ka riƙa ɗaure shi a cikin harabar, ba a bakin titi ba.